Yadda ake tsara haske wajen ɗaukar hoto da bidiyon talla

Wanda ya biya kuɗi a ɗauki hoton kayansa yana son abu uku su fito: siffar kayan, launinsu na gaskiya, da irin abin da aka yi su da shi. So yake mai kallo ya gane fata ce ko roba, gilashi ne ko leda, tun bai kai hannu ba. Duk ukun nan haske ne ke fito da su. Kyamara mai tsada tana ƙara tsabtar hoto, amma idan inuwa ta faɗa inda bai kamata ba, haka za ta ɗauko maka ita. Tsarin da na fi yarda da shi, kuma wanda za mu bi a nan, shi ne a fara da duhu, a kunna fitila ɗaya, kada a ƙara wata sai an iya faɗin matsalar da za ta warware.

Kafin ka kunna komai

Tambayi mai kaya inda hoton zai je. Idan na kantin intanet ne, akwai ƙa'ida: Amazon, alal misali, na buƙatar babban hoton kaya ya fito a kan fari tas. Idan na allon talla ne ko mujalla, za a so fili a gefe inda rubutu zai zauna, kuma filin nan bai kamata ya cika da inuwa mai ɗaukar ido ba. Bidiyon da za a kalla a waya a tsaye ake ɗaukarsa, wanda ke ba ka damar matso da fitilu ta gefe sosai ba tare da sun shiga hoto ba.

Daga nan ɗauki kayan a hannu, kunna tocilan wayarka, ka riƙa juya su kana kallon abin da haske ke yi a jikinsu. Wasu na shanye haske su watsa shi, kamar yadi da katako da takarda. Wasu na mayar da shi kamar madubi, irin ƙarfe mai sheƙi da fuskar waya. Wasu kuma haske na ratsa su, kamar gilashi da abin da ke cikin kwalba. Yawancin kaya sun haɗa biyu ko uku, kuma ɓangaren da ya fi sheƙi shi zai yanke maka inda fitila za ta zauna. Goge kayan da ƙyalle mai laushi, ka sa safar hannu. Ƙurar da ido bai gani ba, kyamara za ta gan ta, kuma minti biyu na guga ya fi awa guda na gyara a kwamfuta.

Kayan aiki ba sa buƙatar dogon bayani. Fitila ɗaya ko biyu, sofbos (akwatin yadi da ake ɗaura wa fitila a baki don ya tausasa haske) ko lemar haske, sandunan ɗora fitila, abin kafa kyamara mai ƙafa uku, takarda mai shara-shara irin ta masu zane, da kwalaye farare da baƙaƙe masu yawa. Idan hoto kaɗai kake ɗauka, filashi ya fi ƙarfi kuma yana tsayar da abu mai motsi cak, kamar ɗigon ruwa a iska. Idan da bidiyo, sai fitilar LED mai ci gaba da haske. Wajen saye, duba ko bakin fitilar irin na Bowens ne, don yawancin sofbos na Godox da Aputure da wasu kamfanoni da shi suke shiga.

Kashe hasken ɗaki

Rufe taga, kashe ƙwan sama. Kafa kyamara, ka fitar da ita daga tsarin da take zaɓa wa kanta, komai ya dawo hannunka. Ga mai filashi: ISO (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske) 100, buɗewar lens (gilashin idon kyamara) f/8, saurin shota (tsawon lokacin da kyamara ke buɗe ido ta ɗauki haske) 1/200 na daƙiƙa ko abin da kyamararka ta yarda da shi, don yawancinsu iyakarsu da filashi 1/200 ne ko 1/250. Idan ka wuce nan, baƙin layi zai yanke maka ɓangaren hoto. Yanzu ɗauki hoto ɗaya ba tare da filashi ba. Ya kamata ya fito baƙi ƙirin. Idan kana ganin kayan, akwai hasken da ke shigowa wanda ba kai ka sa shi ba, kuma zai gurɓata maka launi.

Masu sana'a na auna haske da mataki. Mataki ɗaya ninki biyu ne ko rabi. Daga f/5.6 zuwa f/8 ka rage rabin haske, daga f/8 zuwa f/11 ka sake rage rabi. Haka daga ISO 100 zuwa 200 ka ƙara mataki ɗaya. Riƙe wannan, za mu riƙa komawa kansa.

Babbar fitila

Wannan ita ce fitilar da ke yin hoton, sauran duk masu taimaka mata ne. Abu uku kake da iko da su: girmanta, nisanta, da kusurwar da take fitowa.

Taushin haske ya danganta ne da girman fitila kamar yadda kayan ke ganinta daga inda suke. Rana ta fi komai girma, amma saboda nisanta ta zama ɗan ƙaramin da'ira a sama, shi ya sa inuwar tsakar rana ke da kaifi. Da gajimare ya rufe ta, sararin sama gaba ɗaya ya zama fitila, sai bakin inuwa ya narke. Sofbos aikin gajimaren nan yake yi. Saboda haka sofbos mai faɗin santimita 60 da aka matso da shi dab da agogon hannu babbar fitila ce mai taushi, amma shi ɗin dai idan aka ajiye shi mita huɗu daga mutum ya koma ƙarami mai kaifi. Rage ƙarfin fitila ba ya tausasa ta, duhu kawai yake ƙarawa. Masu koyo da yawa na ja da fitila baya don haske ya yi laushi, alhali matso da ita ya kamata su yi, sannan su rage ƙarfin.

Nisa kuma yana da tasa doka. Idan ka ninka nisan fitila sau biyu, hasken da ke isa kayan zai koma kashi ɗaya cikin huɗu, wato matakai biyu sun tafi. Ga amfanin wannan a aikace. Sa fitila mita 1 daga kaya, bango kuma ya zama mita 2 daga fitilar: bangon zai samu kwatan abin da kayan suka samu, farin bango ya koma ruwan toka. Yanzu mayar da fitilar mita 4 daga kayan, bango ya zama mita 5: bambancin bai kai mataki ɗaya ba, bangon ya yi haske kusan daidai da kayan. Da fitila ɗaya da farin bango ɗaya kana iya fitar da fari-fari, toka, har kusan baƙi. Dokar nan ce kuma ke sa a ja fitila baya idan ana ɗaukar mutane da yawa a jere, don kada na kusa ya ƙone na nesa ya nutse a duhu.

Sai kusurwa. Hasken da ya fito daga inda kyamara take yana shafe komai, abu ya zama kamar an manna shi a takarda. Fara da kai fitilar gefe, kimanin digiri 45 daga kyamara, ka ɗaga ta sama da kayan kaɗan. Ɗauki hoto. Matsar da ita ta koma gefe sosai, ka sake ɗauka. A kan jakar fata za ka ga yadda kowane ɗinki da kowane ɗan rami na fatar ya samu 'yar inuwarsa, abin da ba ya fitowa da hasken gaba. Sannan kai ta bayan kayan, a sama, tana kallon wajen kyamara a karkace. Wannan hasken baya shi ne na fi so ga ƙananan kaya a kan tebur: inuwa na faɗowa gaba, saman kayan ya ɗauki sheƙi, gefensu ya fita daga bango. Shi ne kuma ya fi nuna tururi da feshi yadda ya kamata, musamman a gaban bango mai duhu.

Kada ka bar wannan matakin sai hoton ya yi maka kyau da fitila ɗaya tak.

Kwali kafin fitila ta biyu

Dubi ɓangaren inuwa. Idan ya yi duhu har abin da ke wurin ya ɓace, tsayar da farin kwali a wannan gefen, yana fuskantar fitilar. Matso da shi, inuwa ta yi haske. Ja shi baya, ta ƙara duhu. Kwali ya fi fitila ta biyu a nan domin ba ya haifar da sabuwar inuwa, kuma launinsa launin babbar fitilar ne. Inuwa biyu da suka gitta juna a ƙasan kaya alama ce ta aikin da ba a kula da shi ba.

Yawan bambancin da za ka bari ya danganta da abin da ake tallatawa. Idan gefen haske ya fi gefen inuwa da mataki ɗaya, ana kiransa 2:1, shi ne hasken tallan sabulu da kayan jarirai da duk abin da ake so ya nuna tsabta da sauƙi. Matakai biyu 4:1 ne, matakai uku 8:1, inda inuwa ke da nauyi, irin na tallan agogo mai tsada ko mota. A ƙaramin ɗaki mai fararen bango matsalar takan juya: haske na tsalle ta ko'ina, inuwa ta ƙi zama. Nan sai baƙin kwali ko baƙin yadi a gefe ɗaya, ya shanye hasken da ke dawowa.

Kaya masu sheƙi da gilashi

Nan ne aikin yake, nan ne kuma ake gane wanda ya iya. Abu mai sheƙi ba ya nuna hasken da ka zuba masa, yana nuna abin da ke gabansa ne. Haske na barin jikinsa a kan kusurwa daidai da wadda ya shigo. Don haka tambayar da za ka riƙa yi ita ce: daga inda kyamara take, me wannan ɓangaren ke kallo? Idan cokalin ƙarfe ya fito baƙi, silin mai duhu yake kallo, kuma ko ka ninka ƙarfin fitila ba zai yi fari ba. Sa babbar takarda mai shara-shara a wurin da yake kallo, ka haska takardar daga bayanta, nan take ƙarfen ya yi fari. Hanya mai sauƙi ta gano wurin ita ce ka zuba ido a allon kyamara, wani ya riƙa yawo da farin kwali kewaye da kayan har ka gan shi a jikinsu.

Takardar ta fi sofbos tsirara saboda wani dalili. Sofbos na barin farin murabba'i mai kaifin baki a jikin kaya. Amma idan ka sa takarda tsakani, ka matso da fitila kusa da gefe ɗaya na takardar, hasken zai yi ƙarfi a nan ya riƙa dusashewa zuwa ɗaya gefen. Wannan dusashewar ce ke sa murfin ƙarfe ko jikin waya ya fito da lanƙwasarsa.

Ɗauki kwalbar turare mai gilashi garau da ruwa mai launin zinariya a ciki. Idan ka haska ta daga gaba, ɗigon fari za ka samu a tsakiya, gefenta kuma ya ɓace. Akwai hanya biyu. Ta farko, haska farin bango ko takarda a bayan kwalbar, girman farin ya tsaya daidai iyakar abin da kyamara ke gani, bayan nan duk duhu. Gefen gilashin zai ɗauko duhun nan ya zana wa kwalbar baƙin layi siriri, ruwan ciki kuma ya kama haske. Idan layin bai fito ba, matso da baƙaƙen kwalaye dama da hagu, dab da bakin hoto. Ta biyu akasin haka ce: baƙin kwali a bayan kwalbar daidai faɗin hoto, babban haske kuma a bayan kwalin yana leƙowa ta gefensa. Bango ya yi baƙi, gefen kwalbar ya fito da farin layi. A wannan tsarin ruwan ciki yakan mutu, sai ka yanka takarda mai launin zinariya ko azurfa daidai siffar kwalbar, ƙarama kaɗan, ka jingina ta a bayanta a karkace yadda za ta kamo haske ta turo shi cikin ruwan, kyamara kuma ba ta ganin bakinta.

Saura takardar suna da ke jikin kwalbar, wadda ita mai kaya zai fara dubawa. Ba ta haske kaɗan daga sama ta gaba da ƙaramar fitila mai raga a baki, ko da ɗan madubi da zai karkato mata hasken babbar fitila. Idan rubutun na zinariya ne, ƙa'idar ƙarfe ce ta dawo: sai ya kalli farin kwali zai fito. Tace mai kashe ƙyalli da ake ɗaurawa a bakin lens, wato folaraiza, tana rage walƙiya a gilashi da roba da fenti, tana cin haske fiye da mataki ɗaya, amma ba ta yin komai a kan tsiraran ƙarfe. Wani lokaci haske ɗaya ba zai gamsar da murfi da gilashi da rubutu a lokaci guda ba. Kada ka taɓa kyamara ko kayan, ɗauki kowane ɓangare da hasken da ya dace da shi, a haɗa su a kwamfuta. Hotunan talla da yawa haka ake yin su.

Idan mutum ne a gaban kyamara

Babbar fitila a gefe kimanin digiri 45, sama da ido kaɗan, tana kallon ƙasa. Alamar ta zauna daidai ita ce ka ga ɗigon haskenta a cikin idanu biyu, inuwar hanci kuma ta karkata ƙasa zuwa gefen baki. Idan ka ƙara kai ta gefe har inuwar hanci ta haɗu da ta kunci, ɗan haske mai kusurwa uku zai rage a ƙarƙashin ido. Ana kiran wannan da sunan Rembrandt, mai zanen nan na ƙasar Holan da ya rayu daga 1606 zuwa 1669. Ga tallan man shafawa da kayan kwalliya, sa babban sofbos a gaba ta sama, farin kwali ko rifilekta (faifan da ke mayar da haske) a ƙasa daidai ƙirji, kyamara na leƙowa ta tsakaninsu. Fata za ta fito sumul.

Fata mai duhu tana da sheƙi na kanta, kuma da sheƙin nan siffar fuska ke fitowa. Abin da take so shi ne fitila mai faɗi a kusa, wadda za ta shimfiɗu a goshi da kunci, maimakon ƙaramar fitila mai ƙarfi da za ta bar ɗigon fari a hanci. Kada ka ƙara hasken da kyamara ke ɗauka har launin mutum ya sauya. Mai tabarau kuwa, ɗaga fitila sama ko ka matsar da ita gefe har hotonta ya bar gilashin, ko ya ɗan sunkuyar da haɓa.

Fitilar baya takan zo ƙarshe: daga bayan mutum ta sama, a ɓangaren da ke fuskantar babbar fitila, ta zana layi a kafaɗa da kai. Tana da amfani idan baƙar riga ta haɗu da bango mai duhu. Idan mutum ya riga ya fita daga bango, bar ta a kashe. Idan ka kunna ta, tare ta da kwali kada ta bugi lens.

Farin bango tas yana buƙatar haskensa daban. Nisanta mutum ko kaya da shi kamar mita 2, ka haska bangon ya fi abin da kake ɗauka da abin da bai wuce mataki ɗaya ba. Fiye da haka, hasken zai dawo ya cinye gefen gashi ya sa hoton ya yi hazo.

Launi

Ana auna launin haske da Kelvin. Tsohon ƙwan sutudiyo mai zafi yana wajen 3200K, ja-ja ne. Hasken rana da filashi suna wajen 5500K zuwa 5600K. Ranar gajimare da cikin inuwa sun fi haka, suna karkata zuwa shuɗi. Kyamara na iya daidaita ɗaya daga ciki, amma ba ta iya daidaita biyu a hoto guda. Ko dai ka kashe ɗaya, ko ka rufe fitila da ledar launi: CTO mai ruwan lemo tana mayar da hasken rana ya zama na ƙwai mai zafi, CTB mai shuɗi tana yin akasin haka, sai dai tana cin kimanin mataki ɗaya da rabi. Wajen sayen LED nemi mai CRI (ma'aunin yadda fitila ke fito da launi na gaskiya) 95 ko sama. Masu araha kan saka kore-kore a fata, ja kuma ya fito a mace. Duk lokacin da ka sauya haske, ɗauki hoto ɗaya da katin toka na kashi 18, wanda ake daidaita launi da shi, a inda kayan suke, kuma ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba. Kamfani zai iya yafe maka inuwar da ba ta burge shi ba, amma ba zai karɓi jan tambarinsa ya koma ruwan lemo ba.

Abin da bidiyo ya ƙara

Duk abin da aka faɗa a sama yana nan, sai dai shota ta fita daga hannunka. Ana ajiye ta a ninki biyu na adadin firam, wato hotunan da ake ɗauka a kowace daƙiƙa: firam 25 a daƙiƙa, 1/50, firam 30, 1/60, firam 24, 1/48 ko 1/50. Idan haske ya yi yawa, rage fitila ko ka sa tace ta ND, mai rage haske ba tare da sauya launi ba, a lens.

Sai ƙiftawar fitila. A Turai da Afirka da yawancin Asiya lantarki na tafiya a kan 50Hz, wato zagaye 50 a daƙiƙa, a Amurka da Kanada 60Hz. Fitilun gini na ƙiftawa ninki biyu na wannan, sau 100 ko 120 a daƙiƙa. Ido ba ya gani, kyamara kuwa tana fitar da layuka masu gangarowa. A ƙasar 50Hz riƙe 1/50 ko 1/100, a ta 60Hz riƙe 1/60 ko 1/120. LED mai araha yakan fara ƙiftawa idan aka rage ƙarfinsa, kuma abin ya fi muni idan ana ɗaukar firam 100 ko 120 don a rage gudun motsi daga baya. Gwada daƙiƙa goma ka kalla kafin a fara.

Abu na motsi a bidiyo, don haka a yi gwajin motsin gaba ɗaya kana kallon allo. Kwalbar da ke juyawa a kan faifai za ta nuno duk abin da ke ɗakin, har kai da kyamararka, sai ka kewaye ta da takarda da baƙin yadi, ka sa baƙaƙen kaya. Mai tafiya zuwa wajen fitila zai riƙa ƙara haske, maganinsa a ja fitilar baya a ƙara mata girma. Hasken taga yana da kyau amma yana sauyawa, abin da aka ɗauka da safe ba zai haɗu da na yamma ba; idan aikin zai ɗau sa'o'i, toshe tagar ka kwaikwaye ta da fitila. A hira, sa babbar fitila a gefen da mai magana ke kallo, yadda ɓangaren fuskar da ke kusa da kyamara zai zama mai inuwa. Sa abin ji a kunne ka saurari fankar fitila, makirufo na kama ta.

Dubawa da tattarawa

Kada ka yarda da ɗan allon bayan kyamara, yana yaudara a ɗaki mai duhu. Haɗa kyamara da kwamfuta, ka buɗe hoton kashi 100, ka duba rubutun kaya da ƙura da wuraren da fari ya ƙone. Kunna alamar gargaɗin ƙonewa, a bidiyo kuma layukan zebra, masu nuna a allo inda haske ya yi yawa. Ɗan ƙyalli a gefen ƙarfe yana iya ƙonewa, goshin mutum da takardar suna ba sa cikin wannan rangwamen.

Ɗora jakar yashi a ƙafar kowace sandar fitila, ƙafa ɗaya ta kasance a ƙarƙashin inda nauyi ya karkata, ka manne wayoyi a ƙasa da tef. Fitila mai zafi a bar ta ta huce kafin a taɓa, kuma kada takarda ko leda ta kusanci ƙwanta. Kafin ka sauke komai, ja da baya ka ɗauki hoton tsarin gaba ɗaya da waya, ka rubuta nisan kowace fitila da tsayinta da ƙarfinta da lambobin kyamara, ka sa alamar tef a inda ƙafafun sanduna suke. Mai kaya yakan dawo bayan watanni da sabon launi na kayan nan, yana son hoton ya yi daidai da na farko a shafi ɗaya.